Numfashi Ɗari Uku

Famfon hura iska ya mutu ran Alhamis da la'asar,
a Bolari, a bakin zauren taro,
ga buhun balan-balan daga tsohuwar kasuwa
ko ɗaurinsa ban kwance ba.
Hajiya Dudu ta riga ta faɗa:
ruwan madara da ruwan gwal,
ƙofa mai lanƙwasa irin ta bakan gizo,
kuma kada ka sa min ja, Manu, ba kamfe nake yi ba.

Shekara goma sha ɗaya tana jiran wannan suna.
Wa zai tare ta da zancen famfo?

Sai na zauna kan akwatin lemo,
na miƙe ƙafa, na yi bisimilla,
na sa baki.

Na farko ya tashi kamar ƙosai a mai.
A na goma kumatu suka fara tsami.
A na hamsin na ga taurari tun ba a kira magariba ba.
Bappayo, yaron da ke taya ni,
yana ƙulle musu baki da yatsun da suka ɗaye,
in Hausa ta gaji ya koma ƙirga da Fulatanci.

Roba na da ɗaci, sai wanda ya lasa.
Ɗaya ya fashe min a fuska,
maigadi ya zabura yana laluben gora,
muka yi dariya,
dariyar ma ta ci min numfashi biyu.

Sana'ar tana da ladabinta:
ba a cika shi taf, zafin Gombe zai ƙarasa maka.
A bar masa ɗan wuri,
kamar cikin mai azumin da ya tuna akwai asham.
Manya a gindi, ƙanana su toshe kafa,
zaren kamun kifi ya riƙe zumuncin.

Kafin ladanin Jekadafari ya yi gyaran murya
ƙofar ta miƙe da ƙafarta.

Juma'a da yamma mata suka ɓarke,
leshi na gogar leshi, humra na ture turaren wuta,
kowacce sai ta tsaya ƙarƙashin ƙofar
ta karkata ɗauri, a ɗauke ta.
Ba wadda ta ce iskar waye wannan.
Ni kuwa ina waje, jingine da keken wani,
da 'yar robar shinkafa a hannu,
ina leƙe ta taga.

Na san su ɗaya-ɗaya.
Wancan na kusurwa, tsakin kuɗin haya ne a cikinsa.
Na kusa da fanka, hamma ce.
Ƙaramin can sama, mai ruwan gwal,
shi na hura ina tuna mahaifiyata,
ban san addu'a na shiga roba ba sai ran nan.
A ƙarƙashinsa aka ɗaga jaririn,
ya buɗe ido guda,
ya rufe.

Bayan isha yara suka yi wawar na ƙasa.
Sauran, ni da allura:
tas, tas, tas,
aikin dare guda a minti bakwai.
Hajiya ta ƙirgo kuɗina, ta dube ni,
ta ce, Manu, ina muryarka?
Na ce mura ce, Hajiya.

Guda ɗaya na ɓoye a riga na kai Pantami.
Talatuwa ta kwana rungume da shi,
ta kai shi makarantar allo, aka koro shi,
kwana huɗu ya yamutse kamar kuncin kakarta.
Ran na biyar ta zauna bakin murhu
tana cizon ƙullin har ya kwance,
ta kara a hanci, ta saki a hankali.

Ta ce, Baba,
ƙanshin goronka ne a ciki.